Na Je Lyon Ɗauko Yaya Lawali

Tun da na dawo daga Faransa ban huta da tambaya ba. A gidan suna a tambaye ni, a wurin gaisuwar mutuwa ma sai wata ta matso ta tambaya. Tsofaffin abokan aikina na lise, makarantar sakandare, kuwa har gida suke biyo ni: "To Madam Rakiya, kin dai ga Romawan naki?" Nakan ce na gan su, in yi dariya, in kawo wata magana. Amma ba yawon buɗe ido ya kai ni ba, kuma gajeruwar amsar nan ta fara yi mini nauyi. Bari in faɗa sau ɗaya tun daga farko, kowa ya ji.

Mu uku muka rage a ɗakin mahaifiyarmu: Alhaji Mamman shi ne babba, sai Yaya Lawali, sai ni auta. Ina ƙarama Yaya Lawali ya samu tafiya Faransa karatun tarihin mutanen da, Rum da Kartaj. Kafin ya tafi, shi ke tara mu a tsakar gidanmu na Birni, nan Damagaram, yana ba mu labarin Hanibal, sarkin yaƙin Kartaj, ɗan Afirka ta Arewa da ya kora giwaye ya haye duwatsu masu ƙanƙara don ya auka wa Rum ta inda ba ta zata ba. Yakan ɗora ni bisa wuyansa, shi ne giwa, ni ce mai tuƙi. Saboda shi na zama malamar tarihi. Shi kuwa karatun bai ƙare ba. Ya auri Bafaransa, suka haifi 'ya ɗaya, Zainabu, ya kama tuƙin bas a Lyon har ya tsufa. Matar ta rasu. Zuwansa gida bai taka kara ya karya ba.

Zainabu ce ta kira ni tana kuka. Ciwon mantuwa ya kama babanta har an kai shi gidan tsofaffi, kuma Faransanci na zubewa daga bakinsa. Hausa kaɗai ta rage mishi, ita kuwa Hausarta ba ta wuce "ina kwana" ba. Da na kai wa Alhaji Mamman labari, bai yi dogon tunani ba. Ya ce, "Ki je ki taho da shi. In rai ya yi halinsa, ya yi cikinmu. Ba za a rufe ɗan gidan nan inda ba mai tsayawa ya yi mishi addu'a ba."

Wahalar biza ba zan ba da labarinta ba, wanda ya nema ya sani. Babbar motar fasinja ta ɗauke ni daga Damagaram zuwa Yamai, na sauka ƙafafuna sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Jirginmu ta Tunis ya bi, muka yini muna jiran wani. Ina zaune bisa kujerar ƙarfe na ɗaga kai, sai na ga sunan filin jirgin da manyan baƙaƙe, har da Kartaj a ciki. Garin da na yi ta zana wa yara a allo, garin da Romawa suka ƙone ƙurmus bayan yaƙi uku. Na tambayi wata mai shara ko kufan yana nesa. Ta ce kusa ne, amma mai jiran jirgi ba ya fita. Abin da na gani na Kartaj ke nan: allo mai haske da shagon turare.

A Paris 'yan duwan, wato kwastan, suka buɗe mini jaka. Na zo da kuka, da daddawa, da kilishin da Alhaji ya sa aka yi musamman don Yaya. Jami'in ya buɗe ƙullin daddawa, ya ja da baya kamar an mare shi, ya mayar mini da sauri. Kilishin ne ya riƙe. Ya ce nama ba ya shiga. Na ce na marar lafiya ne, na ce busasshe ne, na ce ya ɗanɗana ya ji. Ya ba ni haƙuri cikin ladabi, ya jefa shi cikin wata babbar leda ina kallo. Ban san zan yi wa nama hawaye ba sai ran nan.

Zainabu na jirana a waje. Doguwa ce, goshin Inna sak. Ta ce, "Sannu da zuwa, Gwaggo," a hankali, kamar wadda ta kwana tana bita. Daga nan muka koma Faransanci. A Stains, gefen Paris, take zaune, a wani dogon bene, kantin magani take aiki, sai ƙarshen mako take zuwa Lyon. Na'urar hawa benen ta lalace, muka jawo jaka da ƙafa. A kan matakala na gaida wani dattijo baƙar fata, na tambaye shi gida da iyali da sanyi. Ya tsaya yana kallona yana jiran in faɗi abin da nake so. Zainabu ta ce, "Gwaggo, nan bonjur ta isa." Abincin farko da ta ba ni ganye ne ɗanye da cuku da burodi. Na ci ina jiran a kawo abincin, sai na ga tana kwashe faranti.

Kafin mu wuce Lyon ta ce dole ta kai ni babban gidan kayan tarihin Paris, tun da babanta ya sha gaya mata ƙanwarsa malamar tarihi ce. Na shiga da ɗoki, na fito jikina a mace. Gumakan da na sani a hoto baƙi da fari, ƙanana kamar tafin hannu, ga su sun fi ni tsawo, akasarinsu tsirara, har na rasa inda zan sa idona gaban ɗiyar wana. Sarakunan Rum jere, wani ba hanci, wani ba hannu, mutane na tsayawa gabansu suna ɗaukar hoton kansu ba tare da sun karanta ko sunan ba. Abin da ya tsayar da ni wani sassaƙen dutse ne na yaƙi. Dawakai na tattake mutane, sojan Rum ya ɗaga takobi, wanda aka ci da yaƙi gashinsa a barbaje, bakinsa a buɗe. Mai sassaƙar ya ƙware har jijiyar wuyan mutumin ana gani. Na tuna yadda nake rubuta wa yara "Rum ta yi nasara" in ja layi ƙarƙashi, su kwafe, a buga ƙararrawa. Ban san lokacin da na kai hannu na shafa fuskar ba.

"Hajiya, a yi haƙuri, ba a taɓawa."

Da Hausa aka yi maganar. Na juya, sai ga mai gadin ɗakin cikin baƙaƙen kaya. Ɗan Garwa ne ta Kamaru, ya ce atamfata da ɗaurin kallabina ya gani ya gane. Muka gaisa gaisuwar kirki, irin wadda ban samu ba tun da na sauka. Na tambaye shi ina kayan Kartaj. Ya kwatanta mana, muka yi ta ratsa ɗakuna har muka same su: 'yan duwatsu masu zane, jingine a wani lungu da ba kowa. Waɗanda suka ci yaƙi sun cika zaure bayan zaure, waɗanda aka ci ko kujerar zama ba a ajiye gabansu ba.

Jirgin ƙasan Lyon gudu yake kamar ana korarsa, cikinsa kuwa tsit. Wata mata kusa da mu ta sa wa karenta riga, tana ba shi ruwa a kofi. A Lyon gidan Yaya muka sauka, a unguwar La Guillotière, don Zainabu ta kasa kwashe kayansa. Ɗaki biyu ne ƙanana, littattafai har bisa firji, duk na Rum da Kartaj, gefen shafukan cike da rubutun hannunsa. Rigar aikin bas tana rataye bayan ƙofa. Unguwar ita ce wurin da na ɗan ji numfashina ya daidaita: shagunan Larabawa da na baƙaƙe, ƙamshin gasasshen nama, taragon lantarki na wucewa ta tsakiyar titi. A nan na samu shagon wani ɗan Chadi, Alhaji Abakar, mai sayar da garin masara da busasshiyar kuɓewa. Da na ambaci Yaya sai ya ce, "Malam Lawali mai bas? Ashe ciwo ne. Mun daina ganinsa a masallaci, muka ce ko ya koma gida."

Gidan tsofaffin tsaf yake, ƙasa na ƙyalli, ba ƙuda ko ɗaya. Tsofaffi jere gaban talabijin, ba mai kallonta, ba mai magana. Raina ya ɓaci, na ce a zuci mu ba mu yi wa iyaye haka. Amma daga baya na ga yadda wata ma'aikaciya ke goge wa wata tsohuwa baki tana yi mata waƙa, na kuma tuna tsohon unguwarmu da ya rikice, wanda aka riƙa kullewa a ɗaki don kada ya ba da kunya. Sai na daina ganin laifinsu.

Yaya yana bakin taga cikin kujera mai taya. Ya rame, gashi fari fat. Na durƙusa na ce, "Yaya, ina wuni? Ya jiki?"

Ya juyo da sauri, idonsa ya kawo ruwa. "Alhamdu lillahi! Ga mai jin magana. Baiwar Allah, mutanen nan kurame ne. Tun safe nake cewa ƙafata na ciwo." Na duba, safa ce ta matse shi har ta yi shaida. Na cire mishi. Ya ce, "Ke 'yar wane gida ce?"

"Yaya, ni ce Rakiya."

Ya yi dariya, ya nuna tsawon gwiwarsa da hannu. "Rakiya ga ta nan, 'yar mitsitsiya. Ke dai kin yi kama da mutanenmu." Zainabu ta sunkuya ta sumbaci goshinsa, ya ce mata, "Sannu, madam," irin yadda ake gaida baƙuwa. Ta fita waje, ta daɗe ba ta dawo ba.

Kullum nakan tuƙa tuwo da miyar kuka in kai mishi. Ma'aikatan suka ce rabon da ya ci abinci haka har sun manta. Ya ture cokali ya sa hannu. In ya ƙoshi sai hira: sunayen 'yan ajinsu, rijiyar bayan gidanmu, wani jakin maƙwabta mai cizo. Rannan na daure na ce, "Yaya, Alhaji Mamman na kiranka gida. Mu tafi?" Ya fara laluben takalmi. "Mu tafi mana! Inna na can na jira, na daɗe a makaranta." Inna ta rasu tun Zainabu ba ta yi wayo ba.

Da yamma a kicin na gaya wa Zainabu saƙon da aka aiko ni da shi. Ta ajiye wuƙar da ke hannunta. Ta ce, "Gwaggo, na kira ki ki yi mishi magana, ban kira ki ki ɗauke shi ba. Ku kuna da yawa can. Ni shi kaɗai gare ni." Na ce can zai ji harshensa safe da yamma, zai ji kiran salla, in ya cika jama'a za su sallace shi. Ta ce, "Ni kuma in zo kabarinsa da biza?" Na ce ai shi da bakinsa ya ce mu tafi. Ta ce, "Wurin wa ya ce zai je?" Muka je wurin likitansa, kowace na fatan ya goyi bayanta. Ya ce tafiyar za ta yiwu in da mai rakiya, amma canjin wuri na iya ƙara rikita shi, kuma wannan shawarar iyali ce. Muka fito ba mai kallon wata.

Zainabu ce ta kawo maganar mu fita da shi. Ta ce tana yarinya duk ranar hutunsa sai ya ja ta bisa tudun garin, inda kufan Romawa yake, har ta tsani wurin. Aka ba mu izini, muka naɗe shi da bargo. Da muka zo kan gada ya ga kogi, sai ya ɗaga hannu a tsaya. Ya ce, "Wannan ruwan Hanibal ya ƙetare, can ƙasa. Giwayen suka ƙi shiga. Sai ya sa aka ɗaure katako aka zuba ƙasa a kai, suka ɗauka tudu ne suka hau." Muryarsa ta koma irin ta da, har da hannu yake kwatantawa. Ina fassara wa Zainabu, ta ce ta san labarin, da Faransanci ya sha ba ta shi. Na ce, "Yaya, ƙarshensa fa?" Ya ce, "Ya ci yaƙi, ya ci yaƙi, bai ci Rum ba. Ya mutu a ƙasar wasu, tsoho, ana farautarsa." Ya ja bargo ya rufe hannuwansa.

Wani ɗan jirgi da ake ja da igiyar ƙarfe ya hau da mu tudun. Ga dandalin wasan Romawa, matakalan dutse zagaye kamar ƙwarya, yara 'yan makaranta na tsalle a kai, iska mai sanyi na kaɗawa. Muka shiga gidan kayan tarihin da ke jikin tudun. Hanyar ciki gangara ce, muna tura shi a hankali, muna wuce tukwane da daɓen ƙananan duwatsu masu launi. Bai kula su ba. Sai da muka iso wurin duwatsun kaburbura ya kama tayar kujerar da hannunsa.

Dutse ne dogo mai rubutun Latin, bai fi sauran kyau ba. Yaya ya ce, "Ga mutumina. Sannu, tsoho." Ya juyo gare ni. "Ɗan Afirka ne, Bakartaje. Gilashi yake hurawa. Ya zo garin nan neman abinci ya zauna. Nakan zo gaishe shi." Na karanta fassarar da ke gefe, haka ne: mutumin Kartaj ne ta zamanin da Romawa suka sake gina ta, ya tsufa a Lyon, ya ga jikokinsa. Na ce, "Allah sarki, ko wa ya rufe shi a baƙon wuri?"

Ya ce, "Iyalinsa mana. Ga sunayensu nan ƙasa. Su suka kafa dutsen." Sai ya ɗaga kai ya dubi Zainabu, wadda ke tsaye gefe riƙe da jakata, ya daɗe yana dubanta. Ya kama hannuna ya ce, "Rakiya, waccan ɗiyata ce. Ita za ta rufe ni. Kada ku ɗauke mata ni."

Tun da na zo bai kira ni da sunana ba sai lokacin. Zainabu ta ji sunan, ta ga ya nuna ta, ta matso. "Gwaggo, qu'est-ce qu'il dit? Me ya ce?"

Ba wanda ya ji Hausar nan a duk ginin sai ni. Alhaji Mamman ya faɗo mini a rai, da maganar da ya sallame ni da ita, da mutanen gida da suke ta shirin tarbarsa. Na kuma san mutumin da ya faɗi wannan shi ne ya nemi takalmi zai je wurin Inna. Sannan na gaya mata, kalma bayan kalma, ban rage ba ban ƙara ba.

Ta durƙusa gaban kujerar ta kifa kanta bisa gwiwarsa tana cewa, "Papa, Papa." Ya dafa kanta. Amma kafin ta ɗago, abin ya wuce. Ya dube ni ya ce, "Baiwar Allah, me aka yi wa madam ɗin nan? Ku mai da ni, sanyi nake ji."

Ban sake tayar da maganar tafiya ba. Sauran zamana na yi shi ina koya wa Zainabu abin da zai yi mata amfani: ruwa, ciwo, sanyi, yunwa, ina ke ciwo, ci kaɗan, ni ce ɗiyarka. Tana maimaitawa muna wanke kwanoni, "ɗ" na ba ta wahala. Na koya mata tuƙin tuwo, na farko ya yi gudaji, na biyu ya ci. Na koma shagon Alhaji Abakar na roƙe shi alfarma. Ya ce, "Hajiya, wannan ai hakki ne a kanmu. In an sauko Juma'a za mu riƙa leƙa shi, ni da wasu." Daga baya Zainabu ta ce mini suna zuwa, wani mako su samu yana magana, wani mako ya juya musu baya.

Ranar da zan taho na je sallama. Na ce, "Yaya, zan koma Damagaram." Ya ce, "To, ki gaida mutan gida. Ki ce ina nan tafe in an ba da hutu." Na ce za su ji. Na kai ƙofa na waiga, ya riga ya mai da fuskarsa taga.

Na iso gida da la'asar, na tarar da Alhaji Mamman zaune a ƙofar gida da 'yan'uwa. Ya dubi motar da ta kawo ni, ya jira ko wani zai fito bayana. Da muka shiga ciki na ba shi labari duka, har abin da Yaya ya faɗa gaban dutsen. Ya daɗe yana jan carbi. Ya ce, "Da hankalinsa ya faɗa?"

Na ce, "Ban sani ba, Alhaji. Ya dai kira sunana, ya kuma gane ɗiyarsa. Ban ga ya yi haka ba kafin nan, ban kuma sake gani ba."

Bai ce na kyauta ba, bai ce na yi laifi ba. Ya tashi ya nufi ɗakin da ke kusa da nasa. Sai lokacin na ga an yi wa ɗakin sabon shafe, an sa gado da katifa da gidan sauro, har da buta sabuwa a bakin ƙofa. Ya shigar da butar ciki, ya ja ƙofar ya sa kwaɗo. An yi baƙi a gidan sau da yawa tun daga nan, har a zaure wasu suka kwana, amma bai ba kowa makullin ba.